Kwanson Harsashi a Jakar Maƙeri

Aikin tuƙi aka ce mini zan yi a Riyad. Ejan ɗin da ya haɗa mini takardu a Kano har da rantsuwa: mota mai sanyi, gidan babban mutum, ka kai yara makaranta ka dawo ka miƙe ƙafa. Allah ya isa kawai! Tun daga ranar da na sauka a filin jirgin Sarki Khalid har na bar ƙasar, ban taɓa riƙe sitiyari ba, sai dai in wanke motar wani ya hau.

Wanda ya zo ɗaukata wani dogon Balarabe ne, Abu Fahad. Shi ne kafilina, wato mutumin da zamana a ƙasar da fitata daga cikinta duk suke hannunsa. Bai gama amsa sallamata ba ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun mota. Na zura ido ina jiran dogayen benayen da ake nuna mana a waya, sai na ga muna ba su baya. Kwalta ta ƙare, jan rairayi ya fara. Muka tsaya a wani gidan hutunsa da ke dajin Sumama, arewa da gari, su istiraha suke ce masa: katanga, babban tanti, 'yan raƙuma, da shahuna a jere an sa musu hula. Ya nuna mini tsintsiya da tiyo, ya ce "Yalla," wato maza in fara, ya juya motarsa ya tafi.

Watannin farko ba na son tuna su. Zafi kamar bakin murhu, ba wanda zan yi wa magana, ga matata Hassu na bar ta da tsohon ciki. Wata safiya wani raƙumi ya tofa mini yawu a fuska, na buɗe baki na zazzaga masa ashar da Hausa har da kakanninsa. Sai na ji daga bayana an ce, "Kai yaro, me tsohuwarsa ta yi maka?"

Na juya a firgice. Wani baƙin tsoho ne cikin farar jallabiya, riƙe da butar gahawa, yana ta dariya. Ai kullum ina ganinsa, na ɗauka Balarabe ne. Ashe kakansa ne ya taso daga Haɗeja a ƙafa don aikin Hajji, bai koma ba. Ammu Idi kowa yake ce masa, wato Baffa Idi, shi ke dafa gahawa a gidan tun zamanin mahaifin Abu Fahad. Hausarsa tsohuwa ce, rabi kuma Larabci, amma wallahi ranar ji na yi kamar an kwaso mini garinmu Ɗambatta an ajiye a gabana. Na tambaye shi me ya sa ya yi shiru duk tsawon lokacin nan, ya ce so yake ya fara ganin irin halina tukuna.

Shi ya koya mini cin tamis, wani faffaɗan burodinsu, da wake da safe, shi ya koya mini Larabcin da zan nemi ruwa da shi, shi kuma ya ara mini wayarsa na ji kukan 'yata ranar da aka haife ta. Sunan mahaifiyata aka sa mata, muna ce mata Ummi.

Mu gidanmu maƙeran fari ne, masu aikin tagulla da azurfa: zobe, munduwa, kayan ado na mata. Ban gaya wa kowa ba a can, don na gudo ne daga maƙera da kasuwarta ta mutu. Amma hali zanen dutse. Wata rana mariƙin butar gahawar Ammu Idi ya cire, na karɓa na gyara masa da 'yar waya da ƙusa. Abu Fahad ya gani, ya jujjuya butar, ya dubi hannuna. Washegari ya ce in bar tsintsiya in biyo shi. Ni ina ta murna, ashe ramin kaina na haƙa.

Wani ƙaramin ɗaki ne a bayan tantin, da na'urar sanyi, da dogon tebur, da bokitai cike da kwanson harsashi, wato ɓawon tagullar da ke faɗowa bayan an harba bindiga. Abu Fahad da abokansa mayun farauta ne da harbin gwaji, kuma ba ya zubar da kwanson, sake cika shi yake yi. Ya nuna mini da hannu cewa duk lokacin da aka harba, kwanson yana ɗan miƙewa, bakinsa ya ƙara tsawo, in ba a rage ba sai ya cije a cikin bindiga. Aikina shi ne in wanke, in ɗaura kowanne a wata 'yar na'ura mai mariƙi kamar ta niƙan tattasai, in murza har wuƙarta ta aske bakin, in goge kaifin, in gwada a ma'auni. Albarushi da sauran kayan suna wani ɗaki mai kwaɗo, shi kaɗai yake shiga.

Na tambayi Ammu Idi ko hukuma ta san da wannan aiki. Ya gyara garwashi ya ce, "Bindigoginsa dai da takardarsu. Sauran kuma, ya waladi, ɗana, wanda bai tambaya ba bai ji ba."

Ba zan ɓoye ba, na so aikin. Ƙanshin tagulla kaɗai ya ishe ni. In na murza mariƙin nan, siririn aski yana zubowa yana walƙiya a kan tebur, sai in ga kamar ina zaune a gefen Baba yana zuga wuta. Sau da yawa sai na ji ɗigon hawaye a bayan hannuna nake sanin kuka nake yi. A maƙerarmu ko ƙurar ƙasa ba a zubarwa, sharewa ake yi a tankaɗe a fitar da garin ƙarfe a sake narkawa. Baba yana da magana ɗaya da ya raine mu da ita: maƙeri ba ya wuce ƙarfe a ƙasa. Ina yaro na taɓa tsallake wani guntun waya a ƙofar gida, ranƙwashin da na sha har yau ina iya nuna wurin.

To, a cikin kwanson akwai waɗanda wuyansu ya tsage. Waɗannan Abu Fahad ya ce kada in kuskura su koma cikin masu kyau, in watsa su a shara. Na watsa na farko, na watsa na biyu, hannuna yana yi mini nauyi. Ranar wata Juma'a da na kira gida na ba Baba labari, don in ba shi dariya.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Labaran, me ka ce? Tagulla a shara?"

Na ce, "Wallahi Baba, mai kyau kuwa, irin wadda ba a samu a kasuwar Kurmi."

"Kai kuma kana tsaye kana kallo? Ashe Larabawan sun canja mini kai." Ya yi tari, sannan muryarsa ta sauko. "Ka tara mini su. In Allah ya dawo da kai mu yi wa Ummi munduwa. Ni in riƙe awartaki, kai ka buga."

Daga ranar duk wanda ya tsage sai in goge shi tas in jefa a wani gwangwanin madara a ƙarƙashin katifata. Ba sata ba ce, abin da aka ce a zubar ne. Ko Ammu Idi ban gaya wa ba, don a ganina ba abin faɗa ba ne. Shekaru suka shuɗe a haka, gwangwani ya cika, Ummi ta fara ce mini "Baban waya."

Sanyi ya fara shigowa, lokacin da farauta ke kankama, sai Hassu ta kira ni da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baban Ummi, ka yi ƙoƙari ka zo. Ƙafafun Baba sun kumbura, ko kunu ba ya zama. Ya sa an ɗauko masa masabarsa ya ajiye a gefen shimfiɗa, ya ce ba mai taɓa ta sai kai."

A gidanmu ɗa ba ya ɗaukar masabar ubansa, wato gudumarsa ta ƙira, da kansa. Uban ne yake ɗora masa ita a tafin hannu, ya yi masa addu'a, sannan ɗan ya zauna a gaban uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan ƙira a kai. Haka kakana ya yi wa Baba. Ni kaɗai ne namiji da ya rage masa, kuma na san abin da ajiye masabar nan a gefen shimfiɗa yake nufi.

Na je na durƙusa wa Abu Fahad, abin da ko a gida ban cika yi ba. Ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato gobe. Gobe ta zo, ya ce bukra. Wai abokansa za su fita daji, yana bukatar kwanso da yawa, in gama bokitan da ke ɗakin tukuna. Kai, na ga rashin imani! Na murza mariƙin nan har yatsuna suka yi bororo suka fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. A ƙarshe dai na kife bokitin ƙarshe a gabansa. Ya yi mini takardar fita da dawowa, ya miƙo mini fasfona kamar wanda yake ba ni sadaka.

Ammu Idi ya raka ni kasuwar Baɗha. A shekarun nan duk an farfasa titunan Riyad ana haƙa hanyar jirgin ƙasa, muka sha zagaye a tasi. Na sayi dabino, da turare, da 'yar riga ja ta Ummi, da bargo mai laushi na Baba. Da na dawo na juye gwangwanin nan a tsohuwar rigata na ƙulle, na cusa a tsakiyar bargon. Na yi tunanin in bubbuge su da guduma su baje, sai na ce a'a, bari Baba ya gan su yadda suke ya yaba ƙirar. A ganina babu komai a cikinsu, fankon abu ne, fasasshe ma. Kwanson ƙwai ai ba kaza ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

A ƙofar shiga filin jirgi ake sa kaya a na'ura. Jakata ta shiga, ta tsaya, ta koma baya, ta sake shiga. Ma'aikacin ya miƙe tsaye ya ce, "Ta wa ce wannan?" Na ɗaga hannu ina murmushi. Ya zuge ta, ya zaro bargon ya girgiza, ƙullin ya kwance. Kwanson nan suka zube a kan tayil suna ƙara, suna gangarawa ta ko'ina, suna ƙyalli saboda gugar da na yi musu. Wata mata ta ja 'ya'yanta ta yi baya. Kafin in ƙifta ido askarawa sun kewaye ni.

Duk Larabcin da na koya ya gudu. Ina ta cewa "Fadi, fadi," wato babu komai a ciki. Na ce "Binti, binti," ina zagaya yatsa a wuyan hannuna don su gane munduwa zan yi wa 'yata. Wani ya kama hannun ya danna mini ankwa a daidai wurin. Ina zaune a wani ɗaki mara taga na ji ana kiran fasinjojin jirginmu, aka kira, aka sake kira, aka yi shiru.

Daga nan aka wuce da ni wani wurin tsaro da har yau ban san sunan unguwar ba. Lokacin ƙasar a tsorace take da 'yan tada bam, mu ma kuma labarin ƙasarmu ya kai musu. Tambayar ɗaya ce kullum: ina bindigar, wa ya aike ka, wa za ka kai wa a Nijeriya? Suka kawo tafinta, wani Bahaushe mai gilashi. Na fara ba shi labarin ɗakin bayan tanti, sai ya yi gyaran murya, idonsa a kan takarda, ya ce a hankali, "Malam, baki shi ke yanka wuya. In ka ce kai kake gyara su a sake cikawa, ka zama mai ƙera harsashi ke nan. Faɗi na shara ka tsaya nan." Na haɗiye sauran maganar, na ɓoye yatsuna a ƙarƙashin tebur.

Suka kira Abu Fahad a gabana. Ina jin muryarsa ta waya yana cewa bai san komai ba, ƙila a daji na tsinto su. Mutumin da na murza wa kwanso har jini ya fito mini! Da a gabana yake, wallahi da sai dai a ƙara mini wani laifin.

Kwanaki suka yi ta tafiya, na daina ƙirga su. Abin da ke cina ba ɗaurin ba ne, a'a, tsohon nan ne da ke kwance yana kallon ƙofa. Akwai wani mai gadi mai furfura a gemu da ya lura ba na iya tashi daga sujada in an yi la'asar. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa, ya duba hagu da dama, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Bi sur'a," wato in yi sauri.

Hassu ta ɗauka tana kuka, ta ce ba su gaya wa Baba an kama ni ba, cewa suka yi jirgi ne ya samu matsala. Ta kara masa wayar a kunne. Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Labaran, kana hanya?"

"Ina hanya, Baba."

"To. Ka taho da tagullar?"

Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Na ce, "Na taho da ita, Baba. Mai yawa."

Ya ce, "Madalla. Ɗan halak." Mai gadin ya taɓa kafaɗata, na miƙa masa wayarsa.

Wanda ya fitar da ni Ammu Idi ne, daga baya na ji yadda aka yi. Larabawan daji suna da al'ada: in baƙo ya zo da bukata, aka zuba masa gahawa, sai ya ajiye finjalin a ƙasa ya ƙi sha har sai an biya masa, kuma babban abin kunya ne ga mai gida gahawarsa ta huce a gaban mutane. Ammu Idi, wanda ya tsufa yana tsaye yana zuba wa wasu, ya bari sai ranar da tantin ya cika da abokan Abu Fahad da baffanninsa. Ya sa sabuwar jallabiya, ya shigo ta ƙofar baƙi, ya yi sallama ya zauna. Dole aka zuba masa. Ya ajiye finjalin a kan darduma. Babban baffansu ya ce, "Sha gahawarka, Idris, an biya." Ya ce shi ba ya son komai sai yaron da ke tsare.

Washegari Abu Fahad ya zo da takardun bindigoginsa, ya ce kwanson nasa ne na farauta, ni kuma jahilin lebura ne mai tsince-tsince a shara. Bai ambaci ɗakin ba, ni ma ban ambata ba. Ko kallona bai yi ba. Aka yanke cewa a mayar da ni gida, aka ɗauki zanen yatsuna, ba ni ba sake shiga ƙasar.

A gidan da ake tara waɗanda za a kora Ammu Idi ya zo ganina. Ya kawo tamis da wake a leda, da 'yar rigar Ummi da ya karɓo. Ya zauna bai ce in ci ba. Ina ganin yadda yake murza carbinsa na gane.

Ya ce, "Labaran, sai haƙuri. Mai abu ya karɓi abinsa. Matarka ta kira ni, tun Juma'ar da ta wuce aka kai shi."

Ban yi kuka ba a lokacin, kaina ne ya yi fayau. Shi ne ma ya fashe da kuka, yana cewa, "Na makara, ya waladi. Tsoron bakin aikina ya sa na tsaya jira. Da na ajiye finjalin nan tun farko." Na riƙe hannunsa na ce ya daina, shi da ya yi mini abin da ɗan'uwa na jini bai isa ya yi ba. Rabuwarmu ke nan, ban sake ganinsa ba.

Na iso Ɗambatta da leda ɗaya a hannu. An riga an share makoki. Bargon Baba ma can ya tsaya tare da tagullar. Ummi ta gan ni ta ruga bayan uwarta, ta ce ita ba wannan ba ne babanta, nata yana cikin waya.

Masabar tana kan uwar maƙera, inda Hassu ta mayar da ita bayan an fita da shi. Kullum da safe sai in buɗe maƙerar in zauna a bakin ƙofa ina kallonta. Tsofaffin unguwa suka ce in ɗauka mana, ai tawa ce, Allah ya ga uzurina. Na kasa. Ba a ɗora mini ba, yaya zan ɗauka? Kuma in faɗi gaskiya, haushin ƙarfe nake ji, har na tsohon ma, Allah ya gafarta masa. Ko ƙusa na gani a hanya sai in kauda kai in wuce.

Wata safiya ina zaune a wurin sai ga Ummi ta taho daga waje, cikin jar rigar nan, ta dunƙule hannu. Ta tsaya nesa kaɗan tana leƙena, sannan ta matso ta buɗe tafinta. Wani lanƙwasasshen guntun waya ne, duk ƙasa.

Na ce, "Yar da shi, datti ne."

Ta maƙe kafaɗa. "A'a. Kaka ya ce maƙeri ba ya wuce ƙarfe a ƙasa."

Na ɗaga hannu da niyyar in kaɗe shi ya faɗi can, hannun ya tsaya a sama. Ita ko gezau, tana miƙo mini. Na karɓa. Kukan da ban yi a Riyad ba ya zo mini gaba ɗaya, har Hassu ta fito da gudu daga madafa ta tsaya a bakin zaure.

Da na samu numfashi na ce, "Ummi, je ki miƙo mini masabar kakanki."

Ta yi mata nauyi. Da hannu biyu ta jawo ta a ƙasa, tana nishi, har ta kawo gabana ta ɗora mini mariƙin a tafin hannu. Na ce wa Hassu ta kawo mini garwashi.